Ranar Gwajin Sakinatu

Tun haihuwar Mu'az, Sakinatu ba ta sake komawa daidai ba. Jini ne ya ɓalle mata a ɗakin ungozoma a nan Agege, da ƙyar aka ceto ta. Ta tashi, amma nono bai zo ba, al'ada ta ɗauke, ga wani sanyi da take ji a tsakiyar zafin Legas har sai ta lulluɓa da bargo. Mijinta Ɗahiru, mahauci a mayankar Oko-Oba, babu inda bai kai ta ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce maita, an ce iska.

Sai a asibitin koyarwa suka haɗu da Dakta Bolanle, wata siririyar mata mai tabarau da ke bincike a kan matan da irin wannan ya sama bayan haihuwa. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke ba sauran sassan jiki umarni. Zubar jinin nan ce ta kashe wa Sakinatu wannan tsokar. Ta ba ta wasu fararen ƙwayoyi safe da yamma, ta kuma roƙi izininsu ta sa ta cikin matan da take bibiya. Kafin wata ya zagayo, Sakinatu ta koma tuyar awara a ƙofar gida, har ana jin dariyarta daga layi.

A watan Oktoba na shekarar dubu biyu aka sa mata ranar babban gwaji. Dakta ta ce kada ta sha maganin yamma, kada ta sha na safe, ta zo da sassafe a ɗebi jininta a ga abin da jikin ke iya yi da kansa.

Da asuba Ɗahiru ya taɓa goshinta, ya ji zafi rau.

"Maman Mu'az, zazzaɓi ne fa a jikinki. Sha maganin nan, gwajin ya bari sai wani lokaci."

"Haba, Baban Mu'az. Matar nan ta daɗe tana jiran ranar nan. Mu dai je, ai can ma asibiti ne."

Suka bar yaron wurin Iyatu, yayar Ɗahiru, suka shiga danfo, ƙaramar bas ta haya. Tun kafin su wuce Ikeja ta yi amai ta taga. Ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya tura mata a baki, bai nemi shawararta ba. Ba a jima ba ita ma ƙwayar ta amayar da ita. Nan ya tuna Dakta ta taɓa cewa duk ranar da ciki ya ƙi riƙe maganin, to sai allura, kuma ba a jira.

Gab da Oshodi motoci suka fara juyowa a guje, suna bin hannun da ba nasu ba. Wani ɗan okada ya wuce yana ihu cewa an fara, ana sarar mutane a gaba. Kwana biyu ke nan ana jin ƙishin-ƙishin ɗin rikici tsakanin Yarbawa da Hausawa a wasu unguwanni, amma kowa na cewa ba zai iso nan ba. Direban ya taka birki, kwandasta ya buɗe ƙofa ya ce kowa ya sauka, shi ba zai ba da motar ogansa a ƙona ba.

Sakinatu ta taka ƙasa, ƙafafunta suka lanƙwashe. Ɗahiru ya cire hularsa ya cusa a aljihu, abin da bai taɓa yi ba a garin da aka haife shi, ya saɓa ta a baya. Can gaba hayaƙin taya ya turnuƙe titi, ga samari da adduna sun gitta benci suna leƙa motoci. Ya faɗa wani lungu. Duk shaguna a rufe, har da ɗakin buga waya. Yana jin numfashinta a wuyansa, sama-sama, hannuwanta kuma sun yi sanyi kamar an tsamo su daga randa.

A ƙarshen lungun ya hangi kantin magani, wata dattijuwa na jawo ƙyauren ƙarfe. Ya sa ƙafa ya tare.

"E jowo, Mama," ya ce da Yarabancin da ya tashi da shi. "Ki taimaka, matata ce za ta mutu."

Ta dube shi, ta dubi matar da lallen da ke hannunta. Ta gane su waye.

"Malam, ka kai ta asibiti. Yau ba ranar wannan ba ce."

"Hanya a rufe take. Allura ɗaya ce, irin wannan maganin." Ya miƙa mata kwalin ƙwayoyin. "Likitarta ta ce in tana amai sai allurarsa."

Dattijuwar, da 'yan layin ke kira Iya Bose, tsohuwar nas ce. Ta nisanta kwalin da idonta ta karanta, ta kama tsintsiyar hannun Sakinatu ta ji bugun jininta.

"Ina da ita, ta masu asma nake ajiyewa. Amma ka ji ni da kyau. In ta mutu a shagona, mutanenku za su ce ni na kashe ta. In namu suka gan ku a ciki, su ce na ɓoye ku. Ko ta ina wuta ce."

Ɗahiru ya san gaskiya ta faɗa. Ya tsaya kawai da matarsa a baya, kanta na reto a kafaɗarsa. Iya Bose ta ja tsaki, ta leƙa dama da hagu.

"Shigo. Yi sauri!"

Suka kwantar da ita a kan kwalaye a bayan kanta. Iya Bose ta haɗa allurar, ta ɗaure mata dantse, ta shiga laluben jijiya. Jijiyoyin duk sun kwanta. Ta soka ta zare, ta sake sokawa ta zare, tana ƙunƙuni da addu'ar cocinsu. Daga baya ta haƙura ta ɗirka mata a cinya.

"Wannan zai ɗan jima kafin ya kama. Bari in sake gwada jijiyar, tana bukatar ruwa."

Tana cikin haka aka daki ƙyauren da ƙarfe, har kwalabe suka yi ƙara a kan kanta.

"Iya! Wa ke ciki? An ce an ga wani ya shigo layin nan da goyo."

A daidai lokacin Sakinatu ta motsa, ta ce da Hausa, a hankali, "Baban Mu'az, ruwa." Ɗahiru ya ɗora tafinsa a bakinta. Yana jin leɓɓanta busassu suna motsi a ƙarƙashin hannunsa, yana tsoron ya danne ya toshe ɗan numfashin da ya rage, yana tsoron ya saki. Zufa ta gangaro masa cikin ido, bai goge ba.

Iya Bose ba ta buɗe ba. Daga inda take durƙushe ta ɗaga murya.

"Wane ne wannan? Kai ne Kunle? Ni na karɓi haihuwarka, yau kai ke dukan ƙofata da ƙarfe? Mara lafiya gare ni tsirara a nan. In ka isa ka ɓalle ka shigo, in je in gaya wa uwarka abin da ka gani."

Wani ya yi dariya, wani ya ce su tafi. Takunsu ya yi nisa. Da Ɗahiru ya ɗauke hannunsa, sai ya ga Iya Bose ta riga ta sami jijiyar, tana rataye ledar ruwa a ƙusar da kalanda ke kai.

Sai wajen azahar Sakinatu ta buɗe ido sosai. Ta tambayi inda suke, ta tambayi ko Mu'az ya ci abinci. Ɗahiru ya juya baya, ya daɗe yana kallon bango. Da la'asar motocin 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe titi, Iya Bose ta sa wani maƙwabcinta mai tasi ya kai su asibiti.

Kwananta huɗu a kwance. Zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da rashin maganin. Dakta Bolanle ta saurari labarin a tsaye, ta ce daga yau duk matar da za a yi wa gwajin a asibiti za ta kwana, kuma kowacce za ta tafi gida da allurarta.

"Ki cire sunanta daga binciken kawai, Dakta," in ji Ɗahiru. "Mun gode, amma ya isa."

Sakinatu ta gyara kwanciya.

"Baban Mu'az, ka yi haƙuri. Shekara biyu ana ce min mai iska. A layinmu kaɗai akwai Mairama, tun da ta haihu take kwance, irin ciwona sak. In na fita, da wane baki zan ce ta zo?"

Da aka sake sa ranar gwajin a watan Disamba, shi ya rako ta da kayan kwananta, Mairama da mijinta na biye da su.