Kwalaben Bayan Tulun Kabeji

"Mene ne a 'yar kwalbar nan, Ginka?"

Ginka ta tsaya da sirinji a hannu. Jiya aka sallamo maƙwabcinta Dobri bayan an yanke masa hanji, ga ciwon bai rufe ba. Abincinsa yanzu ruwa ne a jaka, ta jijiya yake shiga. Da yake ba shi da kowa, ita aka koya wa haɗawa.

"Zinki ne. Likita ta ce shi zai haɗe maka hanjin."

"Zinki! Shekara talatin ina narka shi a masana'anta. Shi ya cinye huhun mijinki, ko har kin manta? Yanzu ta jijiya za ki ɗura min? Ke dai rataya jakar, ki bar min gubar nan."

A garin da ko wanki aka shanya sai hayaƙin masana'anta ya ɓata shi, wa zai ƙaryata Dobri? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ginka ta tuna tarin mijinta, ta tura kwalbar cikin firji, bayan tulun kabeji mai tsami. Washegari ma haka, kullum kwalba ɗaya.

Mako shida ciwon na tsiyayar ruwan hanji, yana jiƙa bandeji. Gashin Dobri ya zube, gefen bakinsa ya tsattsage.

"Inna, kina dai sa masa zinkin ko?" in ji likitar da ta zo duba shi. "Wanda ke jikinsa ta ciwon nan yake tsiyayewa. Babu shi, nama ba zai kama ba."

Dobri ya kafe Ginka da ido.

"Ina sawa, 'yar nan," ta ce.

Da likitar ta fita, ta ɗauko kwalba ɗaya ta zuba a jakar. Dobri bai ma iya musu ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: zazzaɓi ya rufe shi ran Laraba, ran Asabar ya cika a asibiti. Ginka ta ji haushinsa, ta ji na masana'anta, amma haushin kanta ya fi ci mata rai.

Bayan jana'iza ta hau kwashe firjinsa. Ta janye tulun kabeji. Kwalabe arba'in da ɗaya, ko murfinsu ba a taɓa ba. Ta jera su a bakin taga, hasken rana na ratsa su.