Awon Gwiwar Mma Fusena

Zubeiru ya durƙusa a gindin baƙar motar, ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya auna daga ƙasa zuwa dokin ƙofa. Masahudu dillali, mai sayar da motoci na hannu a hanyar Jisonayili, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo ɗinka wa mota riga ba. Hali zanen dutse, tela irin Zubeiru ko ya tara kekunan ɗinki goma sha biyu a unguwar Aboabo tela ne.

Wata bakwai ke nan Zubeiru yana rage gudun babur in ya zo wucewa, don kawai ya kalli baƙar nan. 'Yar madaidaiciya ce mai tudu, kujerun fata, sai sheƙi take yi. Yana sonta irin son da babban mutum ke jin kunyar faɗa. A gefenta akwai wata mai ruwan toka, ta girme ta, fentinta ya fara koɗewa.

Amma da safe, kafin ya zo, ya jera katakai ɗaya bisa ɗaya a tsakar gida, ya lallaɓi mahaifiyarsa Mma Fusena ta riƙa takawa har inda gwiwarta ta ƙi. Inci goma sha shida. Shekara huɗu rabonta da hawa babur, shekara huɗu rabonta da yayarta Lariba, wadda ke kwance a ƙauye, inda ƙaramar mota ba ta shiga da damina.

Baƙar ta ba da sha tara. Ya sake aunawa, ko tef zai ji tausayinsa. Mai ruwan toka kuwa sha shida cif.

Masahudu ya ce ai sai a ɗan ɗaga tsohuwa. Zubeiru ya san a wurinta gara ta fasa tafiyar da a ɗauke ta kamar buhun masara a gaban dangi. Ya shafa ƙofar baƙar, ya karɓi makullin ɗayar.

Washegari Mma ta dafa ƙofa, ta yi bismilla, ta shiga da ƙafarta. Suna wuce wurin Masahudu ta leƙa ta taga.

"Zubeiru, dubi waccan baƙar. Kai da ka san kaya, ya aka yi ba ka gan ta ba?"

"Ban lura ba, Mma," in ji shi, idonsa a kan hanya.