Tukunya Biyu a Gidan Oga Abdulmajeed

"Buhun shinkafa guda, Baba Maliki," in ji Oga Abdulmajeed daga cikin mota, gilashi rabi a buɗe. "Jibi wata yarinya za ta zo daga ofishin ƙididdiga. In ta tambaye ka, kai ɗan gida ne, tukunyarmu ɗaya."

"Ranka ya daɗe," na ce, "to buhun ya riga yarinyar isowa."

Ya yi dariya, ya ce ni ɗan kasuwa ne na ɓata a gadi. Kafin la'asar direba ya sauke mini buhun a ƙofar ɗakina.

Shekarata goma sha ɗaya ina buɗe get ɗin gidan nan a Asokoro. Kafin nan na yi kwandasta a hanyar Lokoja, na sayar da tsofaffin tayoyi a Apo, don haka na san babu mai ba ka buhu haka siddan. Oga darakta ne a ma'aikata. Ya fi ni sanin abin da yake biya na bai kai mafi ƙarancin albashi ba, kuma ba ya so a rubuta shi, ko da a takardar da ba a sa suna.

Yarinyar ta zo ranar Alhamis da hantsi, sunanta Nafeesa, riƙe da kwamfutar hannu. Oga na sama yana wanka, sai na ba ta bencina. Na tambaye ta me suke aunawa.

"Baba, kamar sahu ne," in ji ta. "Za mu jera gidajen ƙasar nan tun daga mai ƙaramin samu har mai babba, mu ga tazarar da ke tsakani. Kowane gida, abin da ke shigowa sai mu raba shi kan mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya."

"To in ni da Oga tukunyarmu ɗaya fa?"

"Sai a haɗa samunku a raba. Su takwas ne, kai na tara."

"Wato kashi ɗaya cikin tara na Oga nawa ne? 'Yata, wane banki zan je in karɓa?"

Ta tuntsire da dariya. Ni ban yi ba. Na gane abin da aka saya a hannuna. A takarda Oga zai ɗan sauko, ni kuma a ɗaga ni sama in zauna kusa da masu gidaje a Maitama. Matata Rakiya da 'ya'yanmu huɗu a Tungan Maje, masu jiran abin da nake aikawa ƙarshen wata, babu su a sahun gaba ɗaya. Sai manya su duba su ce tazarar ai ba ta da yawa.

Oga ya sauko yana ƙamshi. "Baba Maliki namu ne," ya ce mata. "Abin da muka ci shi yake ci."

Na san ɗakin gadin da albashin duka a bakina suke. Na shiga ɗaki, na ɗauko tukunyata daga kan risho, da zafinta, na ajiye gaban Nafeesa. Na buɗe murfin. Shinkafa ce da manja da barkono.

"Ga tawa. Tasu tana kicin, shekara sha ɗaya ban ga cikinta ba. Rubuta gida biyu."

"Maliki!" in ji Oga.

"Na'am, ranka ya daɗe. Shinkafarka ce, ban musa ba. Amma ni na dafa."

Nafeesa ta buɗe sabon shafi. Ta tambayi albashina, na faɗa da ƙarfi har direba ya sunkuyar da kai. Ta tambayi iya karatuna, na ce aji uku. Ta ce galibi daga nan tazarar ke farowa.

"Sa wannan," na ce, "amma ki ƙara da cewa ni da ƙanen Oga duk a aji ukun muka bar makaranta, yau kwangila yake yi. Shi yana da yaya a ma'aikata."

Ta ce babu gurbin wannan a fom. Na ce su yi masa gurbi.

Da ta fita, Oga ya ba ni zuwa Juma'a in kwashe kayana. Na kwashe, har da buhun.

Nafeesa ta samu gida biyu a inda aka shirya mata ɗaya. Rakiya ta samu shinkafa, da miji zaune a gida yana neman aiki. Ni na rasa ɗaki da albashi, amma ina cikin sahun, a daidai inda nake tsaye. Oga kuwa ya yi asarar buhu, kuma direba ya gaya mini sabon maigadin sai da ya tsaya kan ninkin albashina kafin ya karɓi makulli.