Tausar Ƙafar Malama

"Wayyo, a hankali mana! Tausa kike yi ko dambe?"

Malama ce ke faɗa tana dariya, ƙafarta ta hagu a kan cinyar maƙwabciyarta mai kitso. Ƙafar ta kumbura suntum, ga zafi rau. Shekara da shekaru kan Malama ne ke kwanciya a cinyar nan. Da ciwon daji ya kama ta, maganin asibiti ya zubar da gashin kaf, sai mai kitso ta rasa abin da za ta yi wa ƙawarta. Yau da ta ga kumburin, har ga Allah daɗi ta ji, ta samu aiki. Ta shafa mai, ta dage tana murza tsokar.

"Jini ne ya kwanta. In na watsa shi, jibi sai ki koma aji."

"Allah ya sa, 'yar'uwa. 'Yan banzan yaran nan sun manta da tsawata."

Malama ta miƙe za ta shiga banɗaki. A bakin ƙofa ta kama labule, ta ce, "Ƙirjina." Ta buɗe baki tana neman iska, iska ta ƙi shiga. Ita da labulen suka zube tare. Kafin mijinta ya kai ta asibiti, rai ya yi halinsa.

A barandar asibitin likita ta yi wa mijin bayani, mai kitso na tsaye a bayansa.

"Ciwon daji yana harzuƙa sojojin jiki, waɗanda ke kare mu daga cuta. Sai su riƙa saƙa wani abu kamar raga a cikin jijiya, jini ya daskare a wurin. Gudan jinin ne ya ɓalle daga ƙafa ya toshe mata huhu. Shi ya sa ba a matsa irin wannan kumburin."

Mijin kuka kawai yake, bai ji ƙarshen maganar ba. Mai kitso ce ta ji, ta matso kusa.

"In an matsa fa, likita?"

Likitar ta dubi hannayen mai kitso da ke ƙyallin mai.

"Yakan ɓalle ko ba a taɓa ba, Inna. Ba wanda zai iya cewa."

Da ma ce mata aka yi ita ce sanadi, ko ba ita ba ce! Wannan amsar ba ta kashe ta ba, ba ta kuma bar ta da rai ba.

A gida, mata sun cika tsakar gida, mijin ya durƙusa gaban mai kitso.

"Yaya, ke za ki yi mata wanka. Kullum cewa take ba hannun da ta yarda da shi kamar naki."

Ta shiga ɗakin, aka ja mata ƙofa. Ta tsaya riƙe da buta a gefen Malama, tururin ruwan na raguwa a hankali.