Waldar Bahago

Sai da aka danna hon sau uku sannan Bahago ya ajiye samfefa ya ɗago kai. Wata mota ce ruwan toka a bakin gareji, tana ƙyalli kamar yau aka ɓare ta daga leda, mai tuƙin kuma tana ɗaga masa hannu, baki har kunne. Autarsa ce.

"Baba, zo ka ga abin da na yi!"

Jikokinsa mata biyu suka fito daga kujerar baya a guje suka rungume masa ƙafafu, ko a jikinsu da ƙurar fenti da ta yi masa fari fat. Babbar ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, mun yi mota, kai kuma kana nan da kekenka."

"Za ki zo ki same ni ranar da mai ya ƙare muku a hanya," ya ce yana dariya.

Shekara talatin da wani abu Bahago yana gyaran jikin mota. A kawo masa mota ta murƙushe kamar gwangwanin madara, ya miƙar, ya yi walda, ya cike, ya fesa fenti, mai ita ya zo ya yi ta zagaye yana neman inda aka taɓa ya rasa. Da wannan sana'a ya yi wa Auta karatu har ta zama malamar asibiti. Amma da ta tashi sayen mota ba ta shawarce shi ba. Abin ya sosa masa rai, sai dai ya haɗiye.

Kamar ta san abin da ke ransa, ta ce, "Ban so in wahalar da kai ba ne, Baba. Yanzu an daina irin naku na da, a ƙwanƙwasa a shinshina. Lambar jikin mota ake bayarwa, kamfani ya fito maka da tarihinta tun daga ranar da aka ƙera ta."

Ta zaro takardu huɗu daga jaka, an sa su a leda kamar takardar shaidar karatu, ta shiga karanta masa tana bi da yatsa. Ba ta taɓa haɗari ba. Ruwa bai taɓa cin ta ba. Ba ta sata ba ce. Mutum biyu kawai suka riƙe ta. Kowane layi da koren maki a gabansa.

"Kuma tana da jakar iska, wadda ke fitowa daga sitiyari in an yi karo. Ka san a ɗakin masu haɗari nake aiki, kullum ina ganin abin da hanya ke yi wa mutane. Na ce wa dillalin in babu ita ba na so. Gobe da safe za mu je wajen baban yaran nan, tafiyar awa biyar, yanzu hankalina kwance."

"Madalla," in ji Bahago. "Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya."

Ya kamata ya tsaya nan. Amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Yana sa albarka tafin hannunsa na bin gefen motar, daga fitila zuwa ƙofa. A kan ƙofar direba ya ji fentin ya fi sauran wuraren kauri kaɗan, abin da ido ba zai gani ba. Ya ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa. Ƙarfe yana da amo, wannan kuwa shiru ya yi, alamar an cika shi da fila, ƙullin nan da ake cike lotsawar mota da shi.

"Ka fara ko?" Auta ta ce tana dariya.

Ya buɗe ƙofar, ya kama robar da ke bin ginshiƙin da ƙofa ke rataye a kai, ya ja ta ƙasa. Waldar kamfani ɗigo ɗigo take, a jere, tazara ɗaya. Nan dogon ɗinki ne, an goge shi an shafe da fenti. Ya tsuguna ya ƙura ido. Ɗinkin daga dama ya taso zuwa hagu, a ƙarshensa kuma an ɗan lanƙwaso shi ya koma baya kamar ƙugiya. Duk layin garejin nan mutum ɗaya ke rufe walda haka, saboda da hannun hagu yake riƙe ƙarfen.

Gabansa ya faɗi. Waldarsa ce.

Shekara huɗu ke nan. Wani dillali ya kawo ta a kan motar ɗaukar matattun motoci, an lulluɓe ta da tamfol. Gaban hagu ya shige ciki har kujerar direba, kujerar kuma da busasshen jini. Bahago bai tambayi abin da ya sami mai tuƙin ba, don a sana'arsu ba a tambaya. Dillalin dai ya ce masu motar sun gama magana tsakaninsu da wanda suka yi karo da shi, ba 'yan sanda, ba inshora, ba asibitin da ya rubuta lambar mota. Ya ce aikin ido yake so, ba na ciki ba. Bahago ya yanko ginshiƙi daga wata matacciyar mota ya liƙa. Jakar iska ta riga ta fashe, sabuwa kuma dillalin ya ce ba zai saya ba, sai Bahago ya cusa soso a gurbinta ya mayar da murfi, mai gyaran waya na maƙwabtansa ya yi dabarar da fitilar gargaɗi ba za ta kama ba. Da aka gama har alfahari ya yi da aikin, ya kira mutane suka zo suka gani.

To ta ina kamfanin takarda zai san wannan? Abin da aka kai ofis aka rubuta shi kaɗai yake tattarawa. Aikin Bahago kuwa a ƙarƙashin rumfar kwano aka yi shi, ba wanda ya ɗauki biro.

"Baba, lafiya? Ka yi shiru."

Ya miƙe da ƙyar. "Tayoyin nan ba su yi mini ba."

"Sababbi ne fa. Jiya aka sa."

"To bar mini ita kwana biyu in duba ta sosai."

"Na ce maka gobe za mu tafi. Babansu ya ɗauki hutu saboda mu."

Ya dubi yaran. Sun koma ciki, ƙaramar ta hau kujerar direba ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana yin ƙarar inji da baki. Ya kawar da kai.

"Auta, motar nan ta taɓa haɗari. Babba."

Ta yi murmushi irin wanda take yi wa majinyaci mai gardama, ta sake buɗe takardun. "Ga shi nan, Baba. Babu. Waɗannan mutanen ba dillalai ba ne da za su yi mini ƙarya, ba su da riba a ciki."

"Ba ƙarya suka yi miki ba. Ba su sani ba ne."

"Su da na'ura ba su sani ba, kai da ƙwanƙwasa sau biyu ka sani?" Murmushin ya ɓace. "Na san abin da ya sa. Don ban tambaye ka ba ne. Shekara nawa ina tari, ina hana kaina, yau na zo in nuna maka, maimakon ka taya ni murna sai ka nemo aibi. Ko sau ɗaya ka bar ni in yi abu da kaina mana."

Idonta ya ciko. Ta maida takardun jaka, ta ce wa yaran su koma baya.

Bahago ya san in ya yi shiru, zai ci gaba da zama uban da ta sani: mai zafin kai, mai son a tambaye shi, amma mai cin halak ɗinsa. Ta sha faɗa wa abokan aikinta cewa babanta bai taɓa cutar kowa ba. Ya ji ta da kunnensa. Kuma mota ta yi shekara huɗu a hanya ba abin da ya faru, wa ya ce gobe ne zai faru? Wannan tunani ya zo masa, ya kuma ji kunyar zuwansa.

Ta riga ta zauna, ta ja bel.

"Sauko," ya ce.

"Baba..."

"Sauko, na ce."

Rabon da ya yi mata wannan murya tun tana 'yar makaranta. Ta sauko. Ya cire kan batir, ya ɗauko sukuddireba, ya kwance ƙusoshi biyu a bayan sitiyari ba tare da ya lalube su ba. Murfin ya ɗago. Ya sa yatsa biyu ya jawo abin da ke ciki ya miƙa mata.

Soso ne, ya yi rawaya don tsufa, an naɗe shi da ƙyalle mai kore da zanen ganye. Auta ta juya shi a hannunta. Da farko tsoro ne a fuskarta. Sai ta ƙara duban ƙyallen.

"Wannan ai rigar tsohuwar kujerarmu ce. Ta falo. Wadda Mama ta ce ka kai gareji ka riƙa zama."

"Ita ce."

"Yaya aka yi ta..."

"Ni na sa shi. Ginshiƙin ƙofar ma ni na liƙa. In aka buge ta ta wannan gefen, ba zai riƙe ba."

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta tsaya da soson a hannu, tana kallonsa kamar yadda ake kallon baƙon da ya shigo gida ba sallama.

"Ka san akwai waɗanda ake kawo mana," ta ce a hankali, "ƙirji a farfashe, 'yan uwansu suna cewa ai motar tana da jakar iska, me ya hana ta fitowa? Mu ce musu Allah ne ya ƙaddara. Guda nawa ka yi irin wannan, Baba?"

Ya so ya ce wannan kaɗai. Ya so ya ce biyar. Motocin suka riƙa zuwa masa a rai, fara, baƙa, ja, ƙanana da manya, har da na haya, wasu ko launinsu ba ya tunawa.

"Ban sani ba. Ba a rubutawa."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye soson da makullin a kan bencinsa, ta kira yaran.

"Mama, motar fa?" in ji babbar.

"Kaka zai duba ta. Ku yi masa sallama."

Ya bi su har bakin titi, ba ta ce ya koma ba, ba ta kuma waiwaye shi ba. Ta ɗaga hannu, wata farar bas ta haya ta tsaya. Ta tura yaran ciki, ta zauna a gefen ƙofa da ƙaramar a cinya.

Bas ɗin sabon fenti gare ta, sumul, ba ko ƙwarzane. Idon Bahago ya sauka a kan ginshiƙin da ke daidai kafaɗar Auta, ya ga inda haske ya ɗan karkace a jikin fentin. Ya taka da sauri, ya miƙa hannun hagu zai ja robar ya duba ɗinkin.

Aka ja ƙofa aka rufe, bas ta tashi.