Minti Goma Sha Tara

Injiniya ta danna maɓallin kunnawa, ta dubi agogon bango. Takwas saura minti takwas. Kwamfutar sakatariya ta yi nishi, wani ɗan zobe ya fito a allo yana ta juyi kamar akuya a turke.

"Ɓata lokacinki kawai kike yi," in ji Manaja, yana fifita da ambulan ɗin da ke hannunsa. "Na'ura ba ta ƙarya. Mutum ne maƙaryaci."

A cikin ambulan ɗin akwai takardar gargaɗi ta uku, wadda daga ita sai kora. Manhajar da ke rubuta lokacin zuwan ma'aikata ta nuna wata biyu cur sakatariya tana latti. Matar da ta shekara goma sha bakwai tana riga mai shara zuwa. Tana gefe a tsaye, ta rungume jakarta.

"Anti, zauna," Injiniya ta ce mata. "Jiya na saita kwamfutar ta rubuta duk abin da take lodawa in za ta tashi, da lokacin da kowanne ya ci. Yau da bakinta za ta faɗi mai riƙe ta."

Takwas da minti sha ɗaya allon ya buɗe. Injiniya ta nemo fayil ɗin, ta bi shi layi-layi. Na firinta daƙiƙa biyu. Na sauti ɗaya. Can ƙasa ta tsaya, ta taɓe baki.

"Yallaɓai, ga ɓarawon. Wannan layin shi kaɗai ya cinye minti goma sha tara. Manhajar lattin ce da kanta. Tana tashi sai ta tsaya kiran wata babbar kwamfuta da aka rufe tun wata biyu da suka wuce. Sai ta gaji da sallama ba a amsa ba, sannan ta rubuta wai yanzu mutum ya zo."

Kowa a ofis ya san wanda ya kawo manhajar: ƙanen matar Manaja, gwanin da ko linzamin kwamfuta da hannu biyu yake riƙewa.

"To me ya sa sauran ba sa latti?" Manaja ya tambaya.

"Sauran ba sa kashe tasu. Ita kaɗai ke bin sanarwar da ka manna, cewa kowa ya kashe kafin ya tafi."

Manaja ya daɗe yana kallon allon, irin kallon da jaki ke yi wa jarida. Ya gyara wuyan riga, ya cusa ambulan a aljihu.

"Manhajar na nan daram. Ke kuma," ya juya ga sakatariya, "daga gobe ki riƙa zuwa bakwai da rabi. Na yafe miki. Injiniya, goge wannan shirmen."

"To, Yallaɓai."

Ta goge a gabansa, ya fita yana taƙama. Bai san irin wannan fayil ba ya ƙarewa ba: kowace safiya sai ya sake haihuwar kansa.

"Na gode, 'yata," in ji sakatariya a hankali. "Bakwai da rabi ba wuya."

"Takwas za ki zo, Anti."

Ranar Alhamis masu bincike daga hedkwata za su zo, kuma sun saba neman tebur da za su yi aiki a kai. Injiniya ta ɗauko jadawalin rabon tebura, ta rubuta musu na sakatariya, don su kunna kwamfutar da hannunsu.