Ranar da Na Goge Wa Auta Wasanta

Mu uku ne a gidan: ni, malamin tarihi a makarantar sakandare, da matata, ma'aikaciyar jinya, sai Auta, 'yarmu mai shekara goma sha biyu. Yayanta ya tafi jami'a ya bar mata na'urar wasan bidiyo a ƙarƙashin talabijin. Ci da sha ba mu rasa ba. Abin da muka rasa, ni da Auta, shi ne abin hira. In na ce mata yaya makaranta, ta ce lafiya. In na ɗauko labarin wani tsohon yaƙi, sai ta tuna ba ta wanke safarta ba.

Alhali wata huɗu ke nan tana zaune a cikin tarihi ba tare da ni ba. Wasan da take bugawa an gina shi ne a kan wani tsohon birni mai ganuwa a bakin teku, a shekarun da maƙiya suka yi masa ƙawanya. Ɗalibaina ma shi suke bugawa. A jarrabawar ƙarshen zango yara tara suka rubuta mini cewa mutum ɗaya ne ya ceci birnin, wani mai baƙar riga da takubba biyu.

Da aka yi hutu, Auta ta tafi wajen gwaggonta za ta yi mako guda. Na ce bari in ga wannan abokin aikin nawa da yara suka fi saurara. Na kunna, na ɗauki rimot, na zaɓi rubutun da ke sama. Sai wata tambaya ta fito. Shekara ashirin da biyu ina gaya wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa. Na danna "eh" ban karanta ko sau ɗaya ba.

Matata ce ta gano ɓarnar, bayan ta dawo daga aiki da la'asar.

"Malam, ina farin dokin Auta? Wanda ta yi sati biyu tana wahala a kansa?"

"Ban kai wurinsa ba tukuna."

"Ba ka kai ba, ko ka kore shi?" Ta sa tabarau ta matsa kusa da talabijin. "Mataki na ɗaya. Ita fa tana na sha tara."

Muka kira yayan Auta a waya. Sai da ya gama dariya sannan ya ce, "Baba, sabon wasa ka buɗe a kan nata. Ya goge. Ko masu kamfanin ba za su dawo da shi ba."

"Kira ta ka faɗa mata," in ji matata.

"Kwana shida ya rage. Zan mayar mata da shi inda ta bar shi."

"Kai da ko tocilar wayarka sai ta kashe maka?"

Ban kula ta ba. Na ɗauko sabon littafi na ja layi, na tsara jadawali: mataki uku kowace rana, daga bayan karin kumallo zuwa azahar. Na ajiye jan biro a gefe, don hannuna ba ya sakewa in babu shi.

Gaskiya dai, birnin ya kama ni. Waɗanda suka zana shi sun yi karatu. Duwatsun ƙasan ganuwa sun fi na sama girma, kamar yadda magina ke yi. A bakin teku ana tufka igiya, ana shafa wa jirage kwalta. Na shiga wani lungu na tarar da masu yin takarda suna shanya ta a kan igiya ɗaya bayan ɗaya. Shekara nawa ina zana wannan a allo da alli, yara suna hamma, ga shi nan yana motsi har da ƙarar ruwa. Na tsaya kallo na manta ana bi na, wani ya zo ta baya ya sare ni. Ranar farko ke nan, mataki ɗaya da rabi.

Kurakuransa kuwa sun sha jan biro. Birnin da aka yi wa ƙawanya shekara biyu, amma kasuwarsa cike da 'ya'yan itace, kowa kumatu sumul. Wata tsohuwa a bakin rijiya magana ɗaya take maimaitawa, ko sau nawa ka wuce. Sojoji in ka ɓuya bayan tulu sai su manta sun taɓa ganinka. Duk birnin kuma babu mai iya kai wasiƙa ko nemo ɓatacciyar akuya sai jarumin nan, shi ne kuma zai kare ƙofa shi kaɗai. Na rubuta: "Gine-gine, tara cikin goma. Mutane, a sake." Shi ma wasan bai raga mini ba. Duk sanda na faɗi sai ya tambaye ni cikin ladabi ko ina so a sauƙaƙa mini.

A mataki na uku akwai wata gada, da wani ƙato mai garkuwa a tsakiyarta. Kwana huɗu muna tare da shi. Na zo ta dama, ya jefa ni ruwa. Na zo ta hagu, haka. Na gwada tsayawa nesa ko zai gaji, bai gaji ba. Matata in za ta wuce takan ce, "Yaya mutuminka na gada? Ka gaishe shi."

Ranar Asabar da hantsi gwaggo ta sauke Auta a ƙofar gida. Ina zaune a falo, rimot a cinya, ƙaton na tsaye a gadarsa.

"Auta, zo ki zauna. Na yi miki laifi."

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta dubi talabijin, ta dube ni, idonta ya ciko.

"Har dokina?"

"Har dokin."

"Baba, ai yana tambaya kafin ya goge!"

"Ya tambaya."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ban bi ta ba. Abin nata ne, ni na ɓata, ba ni da bakin cewa ai wasa ne kawai. Sai bayan azahar ta fito, fuska a kumbure, ta ɗauki littafin nan a kan tebur tana juya shafuka. Ta tsaya a inda na yi ta jan ƙananan layuka.

"Wannan fa na mene ne?"

"Faɗuwata a gada."

Ta ƙirga da yatsa. "Sittin da uku? Baba, garkuwarsa ake jira ya ɗaga, sai ka mirgina ta ƙasa. Kawo."

Ko minti biyu ba a yi ba ƙaton ya faɗa ruwan da ya saba jefa ni. Ta wuce mataki na huɗu, ta wuce na biyar, yatsunta na tafiya kamar ba ta san suna yi ba. Can ta dakata ta sake duba littafin.

"Ina ne wurin masu takarda? Ni ban taɓa ganinsa ba."

"Da gudu kike wucewa. Koma baya, ki bi ta bayan rijiya."

Ta bi a hankali. Muka tsaya muna kallon takardu a igiya, ta tambaye ni da me ake yin su, na ce da tsummoki. Ta ce ƙarya ne, na ce wallahi, na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe.

Dokin bai dawo ba ranar, sai da ta sake nemansa daga farko. Amma kafin la'asar ta kai mataki na bakwai, kuma ta gane cewa na'urar ce ta manta da watanninta huɗu, ita ba ta manta komai ba.